Little Moreton Hall: Gidan da Talauci ya Kare

A ƙauyukan Ingila na da, kowane yanki yana da babban gida na mai ƙasa, wanda manoma ke biya wa haya. Ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje shi ne Little Moreton Hall, kusa da garin Congleton a gundumar Cheshire. William Moreton ne ya fara gina shi wajen shekarar 1504, zuriyarsa kuma suka yi ta ƙara sassa har zuwa wajen 1610.

Ginin na katako ne. Magina sun kafa ginshiƙai na itacen oak, suka saƙa ƙirare a tsakaninsu, sannan suka yaɓe da laka. Ɗakuna sun kewaye tsakar gida ta gefe uku, gidan kuma gaba ɗaya yana zagaye da gwalalo mai ruwa, sai an haye gadar dutse ake shiga. Gwalalon nuna arziki ne kawai, domin gidan katako mai tagogin gilashi ba zai tare mayaƙa ba. A wancan zamani gilashi kayan masu hali ne, shi ya sa a 1559 aka sa kafinta Richard Dale ya yi manyan tagogi masu kallon tsakar gida. Har yau sunansa na nan sassaƙe a jikinsu.

Abin da ya fi jan hankalin baƙo shi ne yadda gidan ya karkace. Dalili kuwa, bayan an yi nisa da ginin sashen kudu, sai aka ɗora masa dogon zaure mai tsawon mita 21 a hawa na uku, aka rufe shi da faifan dutse. Ginshiƙan da ke ƙasa ba a shirya su don wannan nauyi ba, sai bango ya bankare, daɓen zauren ya lanƙwashe.

A yaƙin basasar Ingila da ya ɓarke a 1642, iyalin Moreton sun goyi bayan Sarki Charles na Ɗaya, ɓangaren Majalisa kuwa ya yi nasara. Bashi ya yi musu katutu, daga baya suka bar gidan a hannun manoma 'yan haya har fiye da shekara ɗari biyu. Wannan karayar arziki ita ce ta ceci ginin. Masu ƙasa da yawa da ke da kuɗi sun rushe tsofaffin gidajensu na katako, sun gina na bulo irin na yayi. A nan kuwa babu mai kuɗin canza komai.

Sai dai rashin kulawa ya kusa kayar da shi. A 1892 Elizabeth Moreton ta gaje shi yana dab da rushewa, mai yiwuwa kuma ita ce ta sa aka ɗaure dogon zauren da sandunan ƙarfe. A 1938 magadanta suka miƙa gidan ga National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi. Yanzu yana cikin rukuni na ɗaya na gine-ginen da doka ta kare, wato ba a rushe shi ko sauya fasalinsa sai da izinin hukuma. Masu gyara ma ba sa ƙoƙarin miƙe shi. Aikinsu shi ne su tallafe shi a karkace yadda suka same shi.