Yadda na'ura ke karanta lambobin da muke dannawa a salula

A kasuwannin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, kullum za ka ga mutum ya sunkuyar da kai yana danna tauraro (*), ya jera lambobi, ya rufe da diyez (#), don sa kiredi ko tura kuɗi. Ana kiran wannan tsari USSD, kuma ko ƙaramar salula marar intanet tana aiki da shi.

To, me ke faruwa bayan ka danna? Kwamfutar kamfanin waya, ko Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ba ta san abin da ke ranka ba. Gutsuttsura saƙon take yi. Lambar farko ita ce sunan aikin da kake so. Kowane tauraro da ya biyo baya shinge ne tsakanin bayani da bayani. Diyez kuma na cewa magana ta ƙare.

Haka ma yake a harsunan da ake rubuta manhaja da su, kamar Python, wanda ya fito a 1991. Idan mai rubutu ya sa aika(lamba, kudi), na'ura za ta ɗauki "aika" a matsayin aiki, ta leƙa cikin baka, ta raba bayanan a wurin waƙafi. Na farko ya tafi gurbin farko, na biyu gurbi na biyu. Jerin take bi, ba ta tambayar niyya.

Nan ne asara ke shigowa. Lambar waya a Nijar alƙaluma 8 ce. Idan ɗaya ya ɓace, na'ura za ta ƙi saƙon, wannan da sauƙi. Amma idan ka musanya biyu, lambar ta cika 8 kuma tana da mai ita, kuɗinka na iya tafiya hannun baƙo.

Sai batun dala. A kasuwa idan aka ce "ɗari", sefa 500 ake nufi, jika kuma 1000. Na'ura ba ta san dala ba. Ka rubuta 100, sefa 100 za ta tura.

Saboda haka jama'a, kafin ku sa lambar sirri, ku sake karanta lambar mai karɓa da adadin kuɗin. Wanda bai iya karatu ba ya sa amintacce ya duba masa, amma lambar sirri kam ya danna da hannunsa.