Mutum Nawa Za Su Hallara Kafin A Zaɓi Kwamitin Makaranta?

'Yan'uwa manoma, mun saba da wannan a ƙungiyarmu ta gama kai: taron shekara ba ya zama sai mambobi sun kai adadin da dokar ƙungiya ta faɗa. In ba su kai ba, a ɗaga taron. To, makarantar 'ya'yanmu fa?

A Nijeriya ba a jefa ƙuri'a domin zaɓen sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, naɗa shi a ke yi. Inda hannun talaka ke kaiwa shi ne kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, wanda Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince da shi a 2005. Shirin ESSPIN, wanda aka fara a 2008, ya taimaka wajen kafa su a Jihar Kaduna. A ciki akwai hedimasta, da wakilan malamai, da na iyaye, da na mata, da na masu sarauta, da na ɗalibai. Su ne ke lura da zuwan malamai, su tsara abin da za a gyara, su sa ido kan kuɗin da ya shigo. Aikin ba ƙarami ba ne. Amma idan an kira taro a Hunkuyi lokacin da kowa ke fadama wajen tumatir, ko ana saran rake, mutum goma za su iya zaɓar wa unguwa duka.

A jihar Washinton ta Amurka, kafin hukumar makarantu ta ci bashin gini, sai waɗanda suka fito sun kai kashi 40 bisa 100 na masu ƙuri'a a babban zaɓen da ya wuce, kuma kashi 60 daga cikinsu sun yarda. Dokar tana da kyau, amma tana da cikas, gama wanda ba ya son abin zai iya zama a gida kawai, ya kashe shi.

Don haka mu a ganinmu kada a ɗora adadin da ba za a iya kai wa ba. Iyaye su yarda tun da wuri, a ce gida ɗaya cikin uku na masu yara a makarantar, a rubuta. A yi shela mako guda kafin ranar, a kauce wa ranar kasuwa, a sa lokacin da mata za su iya zuwa. In ba a cika ba, a sāke kira sau ɗaya, a rubuta sunan kowa da ya zo.