YARO MAI WUYAR KARATU

A shekarar 2010 wata masifa ta auku a ƙasar Anka da Bukkuyum. Mutane suna kawo duwatsun zinariya cikin gida suna niƙawa, ashe akwai dalma a cikinsu. Ƙurar ta shiga abinci, ta zuba inda yara ke wasa. Yara wajen 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma.

Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa. Yaron da ta shiga jikinsa yakan zama mai mantuwa, mai saurin fushi, ba ya iya zama wuri ɗaya. Mu kuwa sai mu ce taurin kai ne, mu ɗauko bulala. Bulala ba ta fitar da guba. Haka kuma ba ta maganin yunwa, ko ciwon kunne, ko tsoro.

To, jama'a, ga abin da za mu yi, a gida da makaranta:

1. In yaro ya yi laifi, mu fara binciken dalili. Ya ci abinci? Yana ji sosai? Ya yi barci?
2. Mu ba shi aiki kaɗan kaɗan, mu nuna masa yadda ake yi.
3. In ya yi daidai, mu yaba masa nan take, mu faɗi abin da ya yi.
4. Malam da iyaye su zama baki ɗaya.
5. In ana niƙa dutse kusa da gida, mu kai shi asibiti a duba jininsa.

Wannan magana ta shafi duniya duka. A 2015 ƙasashe 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya, har da Nijeriya, suka ɗauki alkawura 17 da suke so su cika kafin ƙarshen 2030. Na 3 lafiya ce. Na 4 ilmi ne ga kowane yaro, har da mai naƙasa. Cikin na 16 an ce a daina cutar yara.

Yaron da ake duka kullum yakan gudu daga makaranta, ya koma ramin zinariya. Uwar da ta lallashi ɗanta a Gummi ya zauna aji, ta cika rabonta na alkawarin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hankali, kada ya karye.

TAMBAYOYI

1. Me dalma take yi wa yaro?
2. Me za mu bincika kafin mu yi faɗa?
3. Mene ne alkawari na 4?