FASHIN BAƘI: Fari, kore, na tsirrai da na kayan ƙamshi, daga ina ɗanɗanon shayi yake fitowa?

Duk wanda ya shiga babban kanti a Kano, Abuja ko Yamai a 'yan shekarun nan zai lura cewa sashen shayi ya faɗaɗa. Inda a da kwali ɗaya ko biyu ake gani, yanzu akwai kore, akwai fari, akwai mai citta, akwai kuma wanda aka rubuta masa alƙawarin rage tumbi cikin mako biyu. Farashinsu ya sha bamban ƙwarai. Mai saye da tsadar rayuwa ta riga ta matse wa aljihu ya cancanci sanin abin da yake biya wa kuɗi, da dalilin da ya sa wani kofin yake da garɗi, wani kuma ɗaci kawai yake bari a baki.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, farin shayi da kore da baƙi duk daga tsiro ɗaya suke, wanda masana ke kira Camellia sinensis, mai asali a kudu maso yammacin Sin da yankunan da ke maƙwabtaka da ita. Turawa sun daɗe suna zaton bishiyoyi biyu ne daban. Robert Fortune, ɗan Sikotland da kamfanin East India ya tura ƙasar Sin a 1848 domin ya sato tsiron da sirrin sarrafa shi zuwa Indiya, yana cikin waɗanda suka tabbatar musu cewa bambancin yana hannun masu sarrafawa. Shi ne kuma ya gani da idonsa yadda ake rina koren shayin da za a sayar wa Turawa da wani shuɗin sinadari, don ya ƙara kyau a ido. Algus a cinikin shayi ya girmi kakanninmu.

Abin da iska take yi wa ganye

Mai cin goro ya san cewa farin goro yana rikiɗa ya yi ja idan aka tauna shi. Iska ce take haɗuwa da sinadaran da ke cikinsa. Haka ganyen shayi yake. Da zarar an tsinke shi aka murza, iska za ta fara sauya masa launi da ɗanɗano. Idan aka bar aikin ya kai ƙarshe, an sami baƙin shayi, irin wanda mai shayi yake dafawa a bakin titi. Idan aka tare shi da zafi tun da wuri, ganyen ya tsaya a kore.

Abubuwa uku ne suke kokawa a cikin kofin. Kafin, wato sinadarin da ke hana barci, shi ke kawo ɗaci. Katekin ke kawo bauri, wannan ɗaurewar baki da ake ji idan an ci ɗanyar kanya. Na ukun, tiyanin, wanda aka gano a Japan a 1949, shi ke ba da garɗi da ɗan zaƙi-zaƙi mai kama da romo. Hausa ta yi sa'a a nan, domin tana da kalma daban ga ɗaci, daban ga bauri, alhali masu rubutu a jikin kwali sukan cakuɗa su.

Kore: kasko ko tururi

Hanyar da aka bi aka tare iskar ita ce take raba koren shayi gida biyu. Sinawa galibi a kasko suke gasa ganyen, shi ya sa shayi irin Longjing na birnin Hangzhou yake da ƙamshi mai kama da na soyayyar gyaɗa. Japanawa kuwa turarawa suke yi, sai shayinsu na sencha ya fito kore shar, da ƙamshin ɗanyar ciyawa. Akwai wani mai tsada da ake kira gyokuro, wanda ake yi wa rumfa kimanin mako uku kafin tsinka, domin inuwa tana sa tiyanin ya yawaita, bauri ya ragu.

Yawancin masu cewa koren shayi ba ya shawuwa ruwan da suka zuba masa ne ya cuce su. Tafasasshen ruwa yana fizgo ɗaci da bauri cikin hanzari, ya danne garɗin. Abin da ganyen yake so shi ne ruwa mai zafin digiri 70 zuwa 80, na minti biyu ko uku. Wanda ba shi da ma'auni sai ya sauke butar, ya jira kamar minti biyar kafin ya zuba.

Sai dai mutanen Sahel sun karya wannan ƙa'ida da gangan, kuma sun gina al'ada sukutum a kan karya ta. Shayin da ake dafawa a ƙaramar buta bisa garwashi a Agadas, Damagaram, Tumbutu da Dakar, wanda wasu ke kira ataya, wasu shayin Buzaye, koren shayin Sin ne. Ya bazu a Maroko a ƙarni na 19, ayarin raƙuma suka tsallako da shi hamada. Har yau Maroko ce kan gaba wajen sayen shayin Sin, kuma lambobi irin 41022 da ake gani a jikin ƙananan kwalaye a kasuwannin Afirka ta Yamma lambobin daraja ne na wani nau'i da ake kira chunmee. Ana tafasa ganyen har ya fitar da duk ɗacinsa, a tare shi da sukari mai yawa, a yi ta jujjuya shi daga sama tsakanin buta da kofi har ya yi kumfa. Zagayen farko yana da ƙarfi, na biyu ya sassauto, na uku kusan zaƙi ne da na'a-na'a. Tsawon lokacin da wannan yake ɗauka shi ne amfaninsa. A Nijar, majalisun matasa da ake kira fada, waɗanda suka yawaita tun shekarun 1990 lokacin da aka buɗe fagen jam'iyyu, a kewayen wannan buta suke zama, kuma a nan ake tattauna rashin aikin yi da siyasar ƙasa. Masaniyar halayyar al'umma Adeline Masquelier ta wallafa littafi guda a kansu a 2019.

Fari: wanda aka fi ƙyalewa

Farin shayi shi ne wanda hannu ya fi ƙaranci a kansa. Ana tsinko tohon da bai buɗe ba, mai lulluɓe da farin gashi mai laushi, a shanya shi ya yi yaushi, a busar. Ba gasawa, ba murzawa. Cibiyarsa ita ce Fuding da Zhenghe a lardin Fujian. Ruwansa fatsi-fatsi ne, ɗanɗanonsa kuma siriri, da alamar zuma da ƙamshin busasshiyar ciyawa. Harshen da ya saba da shayi mai kauri da madara zai iya rantsuwa cewa ruwan zafi aka ba shi. Tsadarsa daga wahalar tsinka take, domin sai an tara toho dubbai kafin a sami kilo guda. Maganar da ake yaɗawa cewa ba shi da kafin ba gaskiya ba ce, toho ma yakan ƙunshi kafin mai yawa.

Na tsirrai: shayin da ba shayi ba

Zoɓo, na'a-na'a, zogale, da ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami, babu ɗigon ganyen shayi a cikinsu, aron suna kawai suka yi. Saboda haka galibinsu ba su da kafin, kuma ba sa ɗaci don an daɗe ana jiƙa su. Tsamin zoɓo daga sinadarai masu tsami da ke cikin ɓawon furen yake, shi ya sa ɗan ƙanƙanin kanwa yake rage shi, ya kuma sa jan launin ya yi duhu. Sanyin na'a-na'a kuwa yaudara ce: sinadarin mentol yana taɓa jijiyoyin da ke jin sanyi a baki, ko da ruwan yana tururi. Bincike kan waɗannan jijiyoyi na jin zafi da sanyi yana cikin abin da ya sa aka ba David Julius da Ardem Patapoutian kyautar Nobel a 2021.

A nan ne maganar ɗanɗano take haɗuwa da maganar wa ke cin riba. Zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina yana tafiya a buhu zuwa Meziko, inda ake shan sa da sunan agua de jamaica, wani kuma ya shiga masana'antun Turai. Da yawa daga cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa da hoton 'ya'yan itace a jikin kwali, zoɓo ne yake ba su ja da tsami. Manomi ya sayar da buhu a farashin ƙauye, kayansa ya dawo masa a 'yan ƙunshi ashirin da farashin birni. Afirka ta Kudu ta nuna cewa ana iya yin dabara. A 2019 masu sana'ar rooibos, wani jan shayi mai zaƙi-zaƙi da ke fitowa a tsaunukan Cederberg, sun amince su riƙa biyan al'ummomin Khoi da San kashi 1.5 cikin 100 na farashin gona, domin su ne tushen sanin tsiron. A 2021 kuma Tarayyar Turai ta ba sunan kariya, ta yadda ba mai sayar da wani abu da sunan rooibos a kasuwarta sai wanda aka noma a yankinsa. Zoɓo da cittarmu ba su da irin wannan gata.

Na kayan ƙamshi

Shayi mai kayan ƙamshi da duniya ta fi sani shi ne masala chai na Indiya, kuma tarihinsa bai kai tsufan da ake zato ba. A farkon ƙarni na 20 ne kamfanonin Birtaniya suka dage da tallata shayi ga ma'aikatan masana'antu da matafiya jirgin ƙasa. Masu sayarwa a titi suka rage ganye mai tsada, suka ƙara madara da sukari da citta da sauran kayan ƙamshi. Dabarar talaka ce ta zama alamar ƙasa.

Kowane ɗaya da aikinsa a cikin tukunya. Citta tana kawo zafi, busasshiya kuma ta fi ɗanya yaji domin bushewa tana sauya sinadarinta zuwa wani mai ƙarfi. Kanumfari yana ɗan kashe harshe, dalilin da ya sa likitocin haƙori suka daɗe suna amfani da mansa, kuma idan ya yi yawa sai ya danne kowa. Kirfa tana sa a ji kamar an ƙara sukari. Masoro da kimba suna taɓa maƙogwaro. Ƙamshin waɗannan duka ya fi narkewa a cikin maiƙo, shi ya sa madara take ɗaukar sa, tana kuma ɗaure baurin baƙin ganye. Suna buƙatar tafasa mai tsawo, akasin koren ganye. Don haka kwalin da ya haɗa koren shayi da citta a ƙunshi ɗaya yana neman abu biyu da ba sa dahuwa tare, kuma sau da yawa ƙamshin da aka fesa ne yake rufe giɓin. Jerin abubuwan da ke bayan kwali yakan faɗi hakan da ƙananan haruffa.

Waɗannan kaya ma suna da nasu labarin. Gonakin kanumfari na Zanzibar da Pemba da ƙarfin bayi aka kafa su a ƙarni na 19. Cittar Kaciya da Jaba a kudancin Kaduna, wadda ake yabo saboda ƙarfinta, cuta ta cinye mafi yawanta a daminar 2023, farashi ya yi tashin gwauron zabo, har masu shayi suka ji a jikinsu. Ganyen kansa Najeriya tana noma shi a tsaunin Mambila na jihar Taraba, amma har yanzu tana shigo da mai yawa daga waje.

Saura shayin rage ƙiba, wanda ya cika shafukan Instagram da TikTok. Da yawa daga cikinsu filasko ake sa musu, ganyen da kakanninmu suka sani a matsayin maganin wanke ciki. Nauyin da yake saukewa ruwan jiki ne, kuma yawan shan sa yana galabaitar da hanji. Zoɓo yana ɗan sauke hawan jini, don haka mai shan maganin hawan jini ya tuntuɓi likita kafin ya mayar da shi abin sha na kullum. Shayi na ainihi, kore ko baƙi, yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki yake tsotsa daga hatsi da ganye idan aka sha shi tare da abinci, abin lura ga masu ciki da masu ƙarancin jini, kuma tazarar sa'a guda tana taimakawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin abincin yini, wato kimanin ƙananan cokula 12 ga baligi, a shayi da lemo da komai.