Idan Kwamfutar Ajiya Ta Ƙi Aiki, Daga Ina Za Mu Fara?

A wannan makon shafinmu na kimiyya zai yi bayani a kan saba. Saba kwamfuta ce da aka ware don ajiye bayanai, sauran kwamfutoci da wayoyi kuma su riƙa ɗauka daga wurinta. Ba dole sai babba ba. A wasu gidajen tsohuwar kwamfutar tebur ake mayarwa saba, a zuba mata hotunan suna da na biki da lissafin shago. A wasu makarantun kuma irinta ce ke riƙe da sunayen ɗalibai da makinsu. Ranar da ta ƙi tashi, duk waɗannan suna cikin haɗari. Kwamfuta ana iya sayen wata, amma hoton kaka idan ya ɓace ba a samunsa a kasuwa. Saboda haka dokarmu ta farko ita ce: mu ceci abin da ke ciki tukuna, gyara ya biyo baya.

1. Mu fara da wuta da waya

Kafin mu ce kwamfuta ta mutu, mu duba soket. Mu jona caja ko fitila mu ga ko akwai wuta. Mu duba wayar da ke bayanta ko ta yi sako-sako. Idan kwamfutar tana kunne amma sauran na'urori ba sa ganinta, mu dubi inda wayar sadarwa ta shiga. Akwai 'yar fitila a wurin da ke ƙiftawa idan haɗin yana da kyau. Kuma abu ɗaya za mu riƙa canzawa a lokaci guda, mu gwada, mu rubuta. Idan muka canza abu uku tare, ba za mu san wanne ne mai laifin ba.

2. Mu saurara, mu lura

Wata kwamfutar tana kunnuwa, fanka na juyawa, amma sikirin baƙi ƙirin, sai ƙarar "fit, fit". Wannan ƙarar saƙo ce, kuma ma'anarta ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Sau da yawa ram ce ba ta zauna daidai ba, wato siririn allon da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a cikinsa. Cire ta da mayar da ita yakan isa. Idan kuma agogon kwamfutar kullum yana komawa baya bayan an cire ta daga wuta, to ƙaramin batirin ciki ne ya ƙare. Kamar kwabo yake, ana kiransa CR2032, kuma ba shi da tsada.

3. Zafi da ƙura

Saba ba ta hutawa, dare da rana tana aiki. A bazara zafi yakan kai maki 40 a garuruwanmu, da hunturu kuma ƙura ta toshe fanka. Kwamfutar da ta yi zafi da yawa takan kashe kanta don kada ta ƙone. Idan tana mutuwa bayan ta ɗan jima da aiki, mu zargi zafi. A ɗaga ta daga ƙasa, a matsar da ita daga jikin bango, a kakkaɓe ƙura da busasshen buroshi mai laushi.

4. Faifan ajiya

Nan ne babbar magana. Faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis, yana da faifai a ciki da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Akwai wani ɗan hannu da ke shawagi a kansa yana karatu da rubutu, ba tare da ya taɓa shi ba. Idan aka buge kwamfutar tana aiki, hannun zai iya karce faifan. Idan kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, fayil ɗin yakan lalace. Shi ya sa ake haɗa saba da UPS, batirin da ke ba mu 'yan mintuna mu kashe ta yadda ya kamata.

Faifai yakan nuna alama kafin ya mutu. Fayil ya daɗe bai buɗe ba, ko hoto ya fito rabi, ko kwafi ya tsaya a tsakiya. Faifan kansa yana rubuta rahoton lafiyarsa, ana kiran tsarin SMART. Manhajar CrystalDiskInfo ta kyauta ce, tana karanta rahoton ta nuna launi: shuɗi lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuwa haɗari. Da mun ga rawaya, mu kwashe muhimman abubuwa zuwa wani faifan nan take. Idan kuma muka ji "ƙwas, ƙwas" a kai a kai, mu kashe kwamfutar kawai mu kira mai gyara, domin kowane kunnawa yana ƙara ɓarna. Shi faifan SSD ba abin da ke juyawa a cikinsa, don haka ba ya ƙara, yana iya mutuwa shiru.

Wani lokacin kuma faifan lafiyarsa ƙalau, wayar SATA da ta haɗa shi ce ta saki. A sauya ta a gani. Haka nan idan muka sayi faifai mai terabayit 1 muka ga Windows ta nuna gigabayit 931, ba cuta ba ce. Kamfani yana ƙirga da 1,000, ita kuwa Windows da 1,024.

5. Abin da ba za mu yi ba

Idan kwamfuta ta ce a yi wa faifai fomat kafin a buɗe shi, kada mu yarda. Fomat sharewa ce. Kada mu buɗe cikin faifan, ƙura kaɗan ta isa ta lalata shi. Kada mu kwance akwatin wutar kwamfuta, yana riƙe wuta ko an cire shi daga soket. Mu yara ba ma buɗe kwamfuta sai da malami ko babba a kusa, bayan an zare waya. Mu kuma taɓa ƙarfen jikinta kafin mu taɓa komai a ciki, saboda wutar nan da ke jan mu a hannu da hunturu tana iya ƙona ram.

A ƙarshe, masana suna da ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku na duk abu mai muhimmanci, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a ajiye shi a wani wuri dabam. Rigakafi ya fi magani. Muna roƙon kowa ya tambaya a gida yau: hotunanmu da takardunmu wuri nawa suke? Idan amsar wuri ɗaya ce, a yi kwafi kafin ƙarshen mako.

Daga Kulob ɗin 'Yan Jarida, Ƙaramar Sakandare