Magani da Dafi: Aikin Jiƙon Itatuwa a Cikin Ƙwayar Halitta

A Daddara, kan hanyar da ta tashi daga Katsina zuwa Jibiya har ta ƙetare iyaka ta nufi Maraɗi, jiƙon saiwa da sassaƙe da ganye ba baƙon abu ba ne, kamar sauran ƙasar Hausa. Bahaushe na kiran duka "magani". Amma kalmar fuska biyu gare ta: maganin zazzaɓi warkarwa yake yi, maganin ɓera kuwa kisa. Binciken masana ya nuna wannan harshen damo yana da tushe a cikin jiki.

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙwayoyin halitta. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wasu ƙananan murahu da ake kira maitokondiriya. A nan ake ƙona abinci da iskar oksijin, a tara ƙarfin cikin wani sinadari mai suna ATP, wanda tsoka da ƙwaƙwalwa ke kashewa kamar kuɗi. Peter Mitchell na Ingila ya bayyana yadda ake wannan tari a 1961, aka ba shi lambar Nobel a 1978. Aikin yana tafiya hannu zuwa hannu, ta matakai huɗu, kafin a kai ga ƙera ATP.

To, a waɗannan matakai ne wasu itatuwa ke sa hannu. Majimfa, wadda masunta ke dakawa su zuba a ruwa kifi ya taso, tana ɗauke da sinadarai dangin rotinon, masu toshe mataki na farko. Ɗanyen rogo mai ɗaci yana sakin sayanaid, mai toshe na huɗu. Shi ya sa ake jiƙa shi, a shanya, a dafa.

Amma fa rage wuta daban, kashe ta daban. Metformin, maganin ciwon sukari da likita Jean Sterne ya gwada a Faransa a 1957, asalinsa daga binciken wata ciyawar Turai ne mai suna Galega. Yana ɗan sassauta mataki na farkon nan, hanta ta rage zuba sukari cikin jini.

Watau abin da ya raba magani da dafi shi ne awo. Ƙarfin jiƙo kuwa yana sauyawa da ƙasar da itacen ya tsiro, da lokacin saransa, da daɗewarsa a ruwa. Saboda haka malamin da zai fassara wa ɗalibai "magani", ya kamata ya koya musu "awo" tare da shi.