Laka ma ana auna ƙarfinta

Masuncin Bosso da ke tuƙa kwalekwale a bakin Komadugu da gora yake sanin ƙasan ruwa. In ya kafa ta ta tsaya, rairayi ne. In ta nutse ta ƙi fitowa, laka ce. Aikin masu binciken ƙarƙashin teku ke nan, sai dai tasu gorar ta ƙarfe ce, kuma lissafi take bayarwa.

A ƙasar Holan aka soma amfani da wannan na'ura, cikin shekarun 1930. Sanda ce mai tsinin kai, wadda inji ke cusawa cikin laka, santimita 2 a kowace daƙiƙa. Ta zamani tana auna tirjiyar da tsininta ke gamuwa da ita, da gogayyar jikinta, da matsin ruwan da ke cikin lakar. A teku, jirgin ruwa ke sauke ta da igiya har ƙasa. Wadda cibiyar Ifremer ta Faransa ta ƙera, mai suna Penfeld, tana ratsa mita 30.

Faransawa sun ji jiki a kan wannan batu. Ranar 16 ga watan Oktoba 1979, ana cikin aikin sabuwar tashar jiragen ruwa a birnin Nis, ƙasan teku ya zame, ya tafi da cikon da aka yi har da ma'aikata. Awon da aka yi daga baya ya nuna akwai yumɓu mai taushi a ƙarƙashi.

Jihar Diffa ba ta da teku, amma tana da kogi mai cika bayan damina ta wuce, lokacin da ruwan Haɗeja da na Jama'are suka iso daga Nijeriya. A 2012, da 2019, da 2022, ya yi ambaliya, ya ci gidaje da gonakin tattasai da na shinkafa, abin da ɗan kasuwa ya fi kowa sanin kuɗinsa. Garkuwar manoma ita ce shingen ƙasa da ake tayarwa a gaɓar kogi, kuma tsayinsa kowa ke dubawa. Alhali shinge yakan faɗi ta gindi: in laka ce a ƙasa sai ya lotsa, in rairayi ne sai ruwa ya bi ta ƙarƙashi yana kwashe shi kaɗan-kaɗan.

A nan ba a bukatar jirgin teku. Irin wannan sandar awo, mota tana ɗaukar ta a tudu, kwalekwale babba kuma a kan ruwa. Ma'aikacin da zai sa hannu kan kwangilar shinge ko kadarko yana da ikon ya nemi takardar awon ƙasa kafin a zuba kwandon ƙasa na farko.